Shanun Aro a Tashar Kotso

Talata, da hantsi

Yau da safe na ga wani abu a teburin Ɗanliti mai shayi, nan bakin tashar mota ta Bodinga. Bari in rubuta shi tun da zafinshi.

Na tsaya karyawa kafin in wuce Dingyaɗi ɗaura kwandon satalayit, sana'ata ke nan. Talabijin ɗin Ɗanliti na kan Tashar Kotso kamar kullum, sai ga waƙar Baba, wadda Ɗantani mai gangar noma ya yi mashi shekarun baya, anka ɗauka a ƙofar gidanmu a Lambara. Mutum biyu na zaune kan benci. Baƙi ne, babur ɗaya gare su, tayarshi duk jar laka, ba irin lakarmu ba. Guda bai taɓa shayinshi ba. Da anka nuno Baba cikin babbar riga, shanu na wucewa bayanshi, sai mutumin ya fiddo waya, ya ɗaga ta saitin talabijin, ya riƙe da hannu biyu. Bai sauke ba sai da anka nuna ƙofar gida da itacen bedi na gefenta, rubutu ya fito a ƙasa: Alhaji Altine Mai Albasa, Lambara.

Ya ce ma Ɗanliti, "Dattijon ga shina nan da rai?"

Ɗanliti bai ko dube ni ba. Ya ci gaba da sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, ya ce, "Wa ya sani? Waƙar tsohuwa ta, ta girmi teburin ga."

Sunka tashi sunka yi kudu, hanyar Shagari. Hanyar gida.

Ɗanliti ya janye kofin da ba a sha ba, ya zubar. Ya ce, "Zayyanu, ka san mai shagon nan na ƙauyen gabas da anka tahi da shi daji bara? Har yau iyalinshi na jira. Ni ban ce komi ba. Ci burodinka."

Ban ci ba.

Talata, bayan magariba

Na ɗaura kwandon mutane a karkace, sai da na sake hawa.

Laraba, da azahar

Ba mu da saniya ko ɗaya. Ba mu taɓa yi ba.

Lokacin da Tashar Kotso ke tashe, ina saurayi sabon tashi, ba abin da ake kallo daga Sakkwato har nan sai ita. Kiɗa kawai, safe da maraice. Farar bas gare su mai hoton kotso a jiki, suna bin ƙauyuka suna ɗaukar makaɗan noma da na dambe da 'yan kokawa. In bas ɗin ta shigo gari, ko jaki sai ya ɗaga kai. Akwai wata Mufida mai karanta gaisuwar masu kallo, mata sunka dinga ɗaurin kallabi irin nata, har teloli na Bodinga sunka sa ma wani ɗinki sunanta. Wanda anka nuna a Kotso ya gama zama mutum.

Shekarar nan albasa ta yi ma Baba kyau, shekara guda tak. Ɗantani ya yi mashi waƙa, 'yan tasha sunka ce za su zo ɗauka. To a nan haka ake yi, ba Baba ya fara ba: in kamara za ta zo gidan mutum, unguwa ke tara mashi arziki, kamar yadda ake tara kwanoni ranar suna. Wanga ya kawo shanu biyu, wancan uku, anka haɗa garke. Buhunan da anka jera a zaure, na gaba kaɗai ke da gero, sauran ƙaiƙayi munka ɗura. Rigar ta limamin unguwa ce. Alhajin ma 'yan tasha sunka ƙara, Baba bai taɓa wuce Illela ba. Shanun ba su da yawa, sai anka dinga zagayawa da su ta bayan gida suna sake wucewa gaban kamara. Akwai wata mai karyayyen ƙaho, in ka lura za ka gan ta tana ta dawowa. Da la'asar kowa ya kora nashi, munka yi ta dariya.

Ɗantani kuwa na ta rerawa: Altine na Lambara, garken da ya wuce ƙirga, rumbu ya cika, ƙasa ta karɓi saura.

Lokacin ba a tsoron a ce mutum na da abu.

Alhamis, da la'asar

Na je gida. Gero ya yi tsawo bana, gefen hanya duk ya rufe, mutum da babur ɗinshi za su shige ciki ba ka gan su ba. Ban taɓa ƙin ganin gero mai kyau ba sai yau.

Na iske Baba bakin bedi shina gyaran lauje. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa mashi abin da na gani. Sai fuskarshi ta washe.

"Har baƙi ka ɗaukata cikin waya? Kulu! Zo ki ji. Na hwaɗa maku waƙa ba ta tsuhwa."

Inna Kulu ta leƙo daga zaure da muciya a hannu. "Waƙa ba ta tsuhwa, Malam, mai waƙar dai ya tsuhwa. Wane irin baƙi, Zayyanu?"

Na ce ban sani ba. Ta dube ni, ta gane.

Na ce, "Baba, ku dawo Bodinga wurina, ko na ɗan lokaci."

"In bar gero ya kusa yanka? Tsuntsaye su yi mani godiya? Kai yaro, kowa ya san shanun aro na."

"Kowa na Lambara, Baba."

Ya gwada kaifin laujen da babban yatsa. Sannan ya ce in sha fura kafin in koma, rana na faɗuwa.

Asabar, bayan la'asar

Na tafi Sakkwato neman ofishin tashar, in roƙe su su cire waƙar. Na sha tambaya. Mai keke na farko ya ce ai ta mutu tuni, na ce Talatar nan na kalle ta. Daga ƙarshe wani tsohon mai gyaran rediyo ya kwatanta mani.

Gida ne bene. Ƙasa an mai da shi shagon katifu. Farar bas na tsakar gida ba tayu, kaji na kwana ciki, hoton kotson ya koɗe. Sama na iske mutum guda, Tasi'u, wanda da shi ke riƙe kamara. Yanzu hoton fasfo shike ɗauka a ɗakin da ake karanta gaisuwa. Labulen nan kore da muke gani bayan Mufida shi ne shike rataya ma mutane.

Da na ce ni ɗan Altine Mai Albasa ne, sai ya yi dariya har da buga cinya. "Mai saniya mai karyayyen ƙaho! Ni na ce a zagayo da su. Ina tsohon?"

Na faɗa mashi. Dariyar ta tsaya.

Ya ba ni kujera, ya ba ni labari ban tambaya ba. Ya ce waya ta kashe su. Da kowa ya samu waya, yaro na zuwa kasuwa a tura mashi waƙa cike da memori, wa zai zauna jiran Kotso? Masu talla sunka janye, sai masu maganin basir da na ƙarfin maza. Mutanen kirki sunka hana iyalinsu kallo. Hanya ta ɓaci, bas ta bar fita ƙauye. Mufida ta yi aure ta koma wani gari. Sunka gwada sa finafinai, sunka gwada wa'azi da safe kiɗa da maraice, masu wa'azi sunka ji haushi, masu kiɗa sunka ji haushi. Ma'aikata sunka watse ɗaya bayan ɗaya. Kafin mai tashar shi rasu, ya kwashe tsofaffin waƙoƙin ya damƙa ma wani kamfani can Kudu mai harba hoto sama, na'ura ke ta juya su ita kaɗai. Marigayin kaɗai ke magana da kamfanin. Magadanshi na kotu kan benen, ba mai ta tasha.

Na ce, "To wa ke zaɓen waƙar da za a sa?"

"Ba kowa, ɗan'uwa. Ba mutum a ciki. Kamar jakin da mai shi ya mutu a hanya, shina ta tahiya da kaya."

"Yaushe za shi tsaya?"

"Ran da sunka tuna da mu sunka kashe. Gobe, ko baɗi."

Ya kira wata lambar kamfanin a gabana, ba ta shiga. Ya rako ni har bakin titi, shina ta cewa in ce ma Baba shi yafe mashi.

Litinin, da hantsi

Duk dikodar da na saita a ƙasar ga, Kotso nike sa ma lamba ta ɗaya, don wanda ya kunna shi fara cin karo da Baba. Gidaje, shaguna, rugage masu sola. Ban taɓa tambayar mai kwando ko shi wane ne ba.

Yau na fara bi ina gogewa. Ina cewa gyara na zo yi kyauta.

Talata, bayan azahar

Wata tsohuwa a Dingyaɗi ta kama ni da rimot a hannu. Ta ce, "Ɗan nan, mi kaka taɓa mani? Nan nika ganin mijina, shina cikin 'yan amshin Ɗantani. Ya rasu, nan kaɗai shika motsi." Na mayar mata. Na ƙara mata sauti ma.

Ko na goge na Bodinga duka, sama na nan tana zubo ta.

Laraba, da safe

An sa waƙar Baba ina wanka. Na jiyo gangar ta katangar maƙwabta.

Laraba, da la'asar

An sake sa ta.

Alhamis, da magariba

Inna ta kira ni da wayar maƙwabta, ba ta taɓa yi ba. Ta ce wani ya zo bakin rijiya jiya, wai mai sayen fata ne, ba fata ko ɗaya a babur ɗinshi. Ya tambayi mata ina Alhaji ke aje garkenshi da damina. Matan sunka yi dariya sunka ce wane garke. Ya ce haka ake cewa dama.

Haka ake cewa dama. Tun ɗazu maganar ga ke yawo a kaina. Duk mai abu yanzu cewa shike ba shi da shi. To wanda ba shi da shi da gaske, mi za shi ce a yarda?

Su Inna sun kai rahoto wurin mai gari. An ce a yi ta addu'a, a bar fita gona da sassafe.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na je Shagari wurin Ɗantani. Ban san abin da nike nema ba, na ga dai shi ya rera, ko shina da dabara. Ya tsufa, ido ɗaya ya yi fari. Ya bar kiɗa, igiya shike tufka a zaure, gangar na rataye ƙura ta rufe ta. Ya ce tun da bas ta bar zuwa, matasa sunka koma kiɗan kwamfuta, masu hali kuma sunka bar son a ambace su. "Da ana ba ni don in hwaɗi sunan mutum. Yanzu sai a ba ni don in yi shiru."

Ya saurare ni har na gama, hannunshi bai bar igiyar ba.

Ya ce, "Ɗana, abin da waƙa ta ɗaure, waƙa ka kwance shi. In mutum ya ce ba shi da komi, ba a yarda. Amma in makaɗi ya tsaya tsakar kasuwa ya yi mashi zambo, ya tsiraita shi, jama'a na dariya, shi kuma shina tsaye bai musa ba, wannan kowa na yarda. Ba mai kuɗin da ka tsayawa a yi mai haka. Yaran ga masu waya su za su kai ta inda bas ba ta taɓa zuwa ba."

Na ce, "Baba Ɗantani, ubana za ka zaga?"

"Kai ka zo, ba ni na zo ba. Kuma ba ni yi sai da bakinai. Na ci tuwon gidanai."

Na tashi zan tafi, sai na dawo. Na ce in har za a yi, kada a ambaci sunan ko mutum ɗaya cikin masu shanun, don kada a koma kansu. Ya ɗaga idon nan mai gani ya dube ni, ya ce, "Kana da hankali."

Asabar, da hantsi

Na faɗa ma Baba. Na fi son in manta yadda ya dube ni.

"Ni? Tsakar kasuwar Shagari? Gaban surukaina?" Ya tashi tsaye. "Abu guda Allah Ya ba ni a duniyar ga da mutane ka tunawa da ni. Albasa ta ruɓe, gona ta ragu, ƙahwa ta ƙi. Waƙar ga kaɗai ta rage, ita kaka so in kai kasuwa a yi mata fitsari? Gara su zo."

Inna ta ce, "Malam."

"Gara su zo, Kulu!"

Ya shige ɗaki. Na yi sallama bai amsa ba.

Lahadi

Ba labari. Ban san ko rashin labari alheri ne ba.

Litinin, da la'asar

Duk babur da ya yi kudu sai na bi shi da ido har shi ɓace. Ɗanliti ya ce in na ci gaba haka wuyana zai karye. Ya sauya tasha da ya ga na zo, sai masu shan shayi sunka ce a mai da masu kiɗa.

Laraba, da hantsi

Ta mutu! Tashar Kotso ta mutu. Muna zaune wurin Ɗanliti, ana tsakar wata waƙar 'yan dambe, makaɗi ya buɗe baki, sai allo ya yi baƙi. Na karɓi rimot, na duba waya, na hau na duba kwando. Sauran tashoshi lafiya lau. Na kira Tasi'u, ya ce shi ma yanzu ya gani. Ya ce ko sallama ba a yi ba. Kamar kuka shike.

Za ni gida.

Laraba, bayan magariba

Na iske Baba a zaure da rigarshi ta gona kan cinya. Na ce, "Baba, an kashe tashar. Ba sauran waƙa. Maganar Ɗantani a bar ta, ku yafe mani."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Tasha ta mutu. Wayar mutumin fa, ita ma ta mutu?"

Murna ta hana ni tunanin haka tun safe.

Ya miƙo mani rigar, ya ce in taɓa ƙasan aljihu. Na taɓa, na ji wani abu ƙulle cikin leda, an ɗinke shi ta ciki da baƙin zare.

"Maganin hawan jinina na. Uwarka ta ɗinke shi. Na duba, duk rigunana haka ta yi masu, har wadda nika kwana da ita. Don in an tahi da ni, in tahi da shi." Ya karɓi rigar ya ninke. "Ba ta ce mani komi ba. Shekara nawa muna tare, ba ta taɓa yin abu ba ta hwaɗa mani ba."

Daga cikin gida ana jin Inna na daka, a hankali, ba irin dakanta ba.

Ya ce, "Ka ce ma Ɗantani shi ɗaure gangarshi. Kuma ka ce mai kada shi tausaya mani. In zambon bai yi zahi ba, ba mai tura shi."

Ranar kasuwar Shagari, da la'asar

An yi.

Ɗantani ya tsaya kusa da 'yan albasa, inda duk sunka san Baba. Da ya buga gangar, mutane sunka fara taruwa, an daɗe ba a ji ta ba. Ya fara da kiɗan tsohuwar waƙar, har wasu sunka ɗaga hannu suna jinjina ma Baba. Baba na tsaye da rigar gona da silifa. Sai Ɗantani ya juya.

Altine mai shanun aro, da la'asar masu su sunka kora. Saniya guda ta wuce, ta zagayo, ta wuce, har ta gaji ta kwanta. Buhun ƙaiƙayi, iska ka ɗaukar arzikin Altine. Riga ta aro, Alhaji na aro, bedi kaɗai an naka.

Da fari ba wanda ya yi dariya. Ana duban Baba, ana jiran shi yi faɗa. Sai wani dillali abokin wasanshi ya ce, "Wallahi ni na ɗura ƙaiƙayin!" Kasuwa ta fashe. Wayoyi sunka tashi sama. Ɗantani bai tausaya ba, ya shiga akuyar Inna, ya shiga rumbun da ɓera ya yi ma ƙaura. Sunan mai saniya ko ɗaya bai fito ba. Na ga hawaye na bin idonshi mai fari, muryar ba ta yi rawa ba.

Baba bai motsa ba. Surukanshi na nan, na gan su sun sunkuyar da kai. Da anka gama, al'ada sai an ba makaɗi wani abu. Baba ya laluba aljihu a gaban kowa, ya zazzage shi. Sai ya cire hularshi ya aza ma Ɗantani kan ganga. Ban taɓa ganin kan Baba a waje ba hula ba. Furfura duka, da sanƙo a tsakiya. Anka sake dariya. Ya bi ta tsakiyar mutane ya fita a haka, bai yi sauri ba.

Ni ba Baba nike kallo ba lokacin, Allah Shi yafe mani. Bakin kasuwa, wajen masu faci, akwai mutum zaune kan babur, ya riƙe waya da hannu biyu tun farkon kiɗan. Shi ne, baƙon nan na teburin Ɗanliti. Guda ne yau, ba biyu ba. Da Baba ya cire hula, mutumin ya sauke wayar, ya duba abin da ya ɗauka, sai ya yi dariya. Ya girgiza kai, ya tofar da yawu, ya sa wayar aljihu, ya tada babur ya tafi.

Ban san ma'anar dariyar irin waɗannan mutane ba. Yau ma Inna ba za ta warware ɗinkin ba, ni ma ban ce ta warware ba. Na so in yi shiru da maganar, kada ya zama abin da nike so in gani ne idona ya nuna mani.

Amma ba ni kaɗai ba ne. Ɗanliti ya rufe teburinshi ya biyo ni Shagari, shina gefena, shi ya fara taɓa ni ya ce shi ne, kuma ya ga dariyar. Inna Kulu ma, da Baba ya ce ta zauna gida, ashe tana bayan rumfar masu gishiri da hular Baba ta sallah cikin mayafinta. Na tambaye ta. Ta ce ta gani.